Fasassun Tangaran ɗin Inna

Shekarun baya, cikin wata damina da aka yi ta sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon ɗakin mahaifiyata ya faɗi. Gidanmu yana wani ƙauye ne can bayan Ɗanbatta, ginin ƙasa tun na kakanni. Allah ya taƙaita, lokacin Inna tana gidan suna a maƙwabta. Sai dai bangon bai zaɓi ko'ina ba sai kan kabet ɗinta, inda jerenta yake.

Ku da kuka tashi yanzu ba lallai ku gane ba. Jeren Inna tangaran ne zalla, kuma kowane faranti ta san wadda ta ba ta shi ranar aurenta. Ba a cin abinci a ciki. Duk Sallah takan sauke su ta wanke ta mayar, mu kuwa ko inuwarsu muka taka sai mun sha faɗa. Waɗanda suka ba ta su duk sun riga mu gidan gaskiya, Baba ma ya bi su. A taƙaice, mutanenta ne a cikin kabet ɗin nan.

Da labari ya iske ni a Kano, inda nake aure, na hau motar Ɗanbatta na taho. Yayyena maza suka haɗa ƙarfi, kafin kaka an tada sabon ɗaki na bulo, an rufa kwano, har da fenti. Aka ce Inna ta tare, ta ce a'a. Ta kai tabarmarta ɗakin ajiyar hatsi, tsakanin buhunan gero, ta ce nan ya ishe ta.

"Inna, ɗakinki ne fa, don ke aka gina."

"Ba nawa ba ne. Ba kowa a ciki."

Abinci kuwa sai ta yi loma biyu ta ture kwanon. Matar da muryarta ke kaiwa bakin rijiya in tana kiran akuya, ta koma sai ka matso kafin ka ji me take cewa. Duk zuwan da zan yi sai na ga ta ƙara zubewa, zaninta yana neman zagaya ta sau biyu. Wallahi tsoro ya kama ni, don na ga yadda tsofaffi suke tafiya in sun saki rai.

Ni kuma kun san ni da ganin na fi kowa dabara. Na shiga kasuwa a Kano na zaɓo farantai masu ƙyalli, irin na yayi, na kawo ina ta washe baki. Inna ta duba ta ce, "Allah ya yi albarka." Washegari na tsinkayi kwalin farantan a kan 'yar maƙwabta da ake shirin bikinta. Haka na haɗiye takaicina.

Ana haka autanmu ya zo. Shi zane ya karanta a Zariya, daga baya ya shiga cikin wasu masu sana'a a Abuja da ke jera gutsattsarin tayil da gilashi a bango har su zama hoto. Su a wurinsu mozayik suke ce masa. Ni dai sunan da na sa masa shi ne mai tsince-tsince, don duk inda ake gini sai ka gan shi da buhu yana kwasar abin da magina suka zubar, ga shi da gemunsa da komai.

Ya gaida Inna, ya fito da jan ido, ya ja ni gefe.

"Yaya, ina fasassun?"

"Waɗanne fasassu? Na kwashe na kai juji, kada ta riƙa gani ranta yana ɓaci."

Ya ɗauki fartanya da kwando ya nufi bayan gida. Yini ya yi yana tono, matan unguwa suna leƙe ta katanga suna cewa Abuja ta taɓa yaron nan. Ni kaina kunya ta ishe ni.

Daga ranar ya shige sabon ɗakin ya turo ƙofa. Ya wanke gutsattsarin nan tas a cikin baho, ya baza su a tabarma, ya ware kowane launi gefe guda. Sai na fara jin ƙas, ƙas. Na leƙa, na gan shi da filaya yana ƙara kakkarya su ƙanana. Nan fa na hau shi.

"Kai, kana da hankali kuwa? Abin da bango ya rage shi za ka ƙarasa?"

"Yaya, in ban gyara musu baki ba, ba za su zauna kusa da juna ba. Ki ba ni lokaci."

Na ba shi, ba don na yarda ba. Sai da ya yi makonni. Ya zana abin da yake so a bango da gawayi, yana shafa siminti kaɗan-kaɗan yana danna gutsure ɗaya bayan ɗaya. Wani sai ya juya shi ya sake juyawa, ya cire, ya nemo wani. Yatsunsa duk suka tsattsage. Ban taɓa tsayawa na ga aikinsa ba sai a lokacin, kuma gaskiya jikina ya yi sanyi, don ni ko tsintar shinkafa ba na iya yi da irin wannan haƙuri. Inna tana jin ƙarar daga ɗakin hatsi, ba ta tambaya ba, mu ma ba mu faɗa mata ba.

Ranar da ya gama ya cike tsakanin gutsattsarin da farin siminti ya goge, bayan la'asar ya ce in taho da ita. Da ƙyar na lallaɓo ta, tana cewa ita fa iyakarta bakin ƙofa.

Abin da ke bangon wani babban zane ne zagayayye kamar faifai, tsakiyarsa fara da ratsin ruwan zinare. A bakinsa kuma ya zagaya da layi biyu, shuɗi da ja, ya murɗa su da juna kamar tufkar igiya. Hasken taga yana dukansa. Ni da na kai su juji da hannuna, sai da na riƙe baki.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Can sai muka ga ta tako ciki, har gaban bangon. Ta ɗora yatsa a kan shuɗin, ta bi shi, ta gangaro kan jan. Sai ta juyo da wata murya da muka daɗe ba mu ji ba.

"Auta! Wa ya ce ka haɗa waɗannan?"

Ya daburce. "Inna, launinsu ne na ga ya dace."

"Launi? Shuɗin nan na Iya ne. Jan nan kuwa na Iya Babba!"

Sai a lokacin na tuna. Iya ita ce mahaifiyar Inna, Iya Babba kuma yayar Iya, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun ɓata ne a kan wata bishiyar ɗorawa da ta tsaya a iyakar gonakinsu na gado, kowacce ta ce tata ce. Tun Inna tana sabuwar amarya suka daina gaisawa, har suka koma ga Allah ba su shirya ba. Inna ta ce ko a kabet ba ta taɓa haɗa su ba, na Iya a sama, na Iya Babba a can ƙasa. Autanmu bai taso ya iske ko ɗayarsu ba, ina zai sani?

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya sunkuya ya ɗauko kurfi da guduma.

"Ki gafarce ni, Inna. Yanzu zan raba su."

Na san in ya sa kurfin nan aikin gaba ɗaya ya tashi, don layukan sun shiga juna ta ko'ina. Ya kafa bakin kurfin tsakanin shuɗi da ja, ya ɗaga guduma. Inna ta kama masa wuyan hannu.

"Dakata."

Ta sake duban bangon. Hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba.

"Bar su. Na yi sintiri tsakaninsu har ƙafata ta gaji, in kai wa wannan tuwo, in kai wa waccan, ina roƙo su zauna a tabarma ɗaya ko sau ɗaya ne. Suka ƙi. To yau ga siminti, sai in ga wadda za ta tashi."

Ta fashe da dariya cikin kukan, mu ma muka kama. Auta ya saki guduma ya durƙusa yana goge ido da bakin riga, ƙaton mutum da shi. Inna ta dafa kansa ta daɗe tana sa masa albarka. Sannan ta waiwayo gare ni.

"Ke kuma kin tsaya kina kallona. Ɗauko mini tabarmata. In akwai sauran ɗanwaken rana ki haɗo da shi."

A ɗakin ta kwana, kuma a cikinsa take har yau.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Ni na so in ɓoye mata abin da ya fashe, in maye mata da sabo, don a ganina haka ake rarrashi. Ƙanena ya tono shi daga juji ya sa mata a gaban ido, shi ne kuma ya tashe ta. Tun daga lokacin in na ga hoton aikin su Auta a waya, nakan tsaya in duba da kyau, in ce ko waɗannan gutsattsarin na ɗakin wa ne. Sunan mai tsince-tsince dai ban fasa kiransa da shi ba, kada ya samu bakin magana.

Zuwana na ƙarshe na iske Inna tana goge bangon da tsumma mai laima. Na ce, "Inna, yaya su Iya, sun shirya kuwa?"

Ba ta ko juyo ba ta ce, "To, ni dai a nan nake kwana, har yanzu ban ji suna faɗa ba."