Gizo-gizon da Na Kai Gashuwa a Kwalba

Ku matso kusa ku ba ni kunnuwanku. Akwai gizo a labarin nan, amma ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka shi.

Nguru, ranar Talata

Ina sallame sallar asuba na ɗauki sandata da kwalbar da na naɗe a tsumma, na fito. Abin da ya fitar da ni shi ne autata Zara, wadda ke aure a Gashuwa. Ta zo mini kwana biyu, ta koma, sai ga waya wai ƙuraje masu ruwa sun feso mata a goshi, gefen hagu, suna gangarowa wajen ido, zafi kamar an ɗora garwashi. Ina ji na ce tautau ne, a ɗakina ya hau ta. Mu yadda muka taso, wanda ya yi ɓarnar ake kamawa a ƙone, a kwaɓa tokarsa da man shanu a shafa. Na hana ta zuwa asibiti, na ce allura ba ta shiri da tautau, ta jira ni. Kwana huɗu ina ɗaga tabarmi da tukwane, gwiwoyina na kuka, kafin na same shi a gindin randa.

Mai keke ya ajiye ni a tasha. Motar ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Mu huɗu a baya, kwalayen bandar kifi a bayanmu, ni a tsakiya.

Jajimaji

Kafin shiga gari akwai shinge. Wani jami'i ya leƙo, ya tambayi abin da na rungume. Na kwance tsumman. Ya ja baya da sauri, bindigarsa ta bugi ƙofa.

"Kaka, wannan fasinja ne ko guzuri?"

Na ce masa mai laifi ne, hukunci zan kai shi. Motar ta ɗauki dariya, ni ban yi ba.

A cikin gari taya ta sace. Muka zauna a inuwar bishiyar maina ana faci. Na sayi ƙosai, biyu kawai na iya ci. Nan ne na duba kwalbar da kyau, na ga farin ƙullin da yake ja a bayansa ya fashe, gadon bayansa ya yi baƙi da wasu ƙanana suna motsi. Na mayar da tsumman.

Gashuwa

Mun sauka ana kiran azahar. Ƙuguna ya riƙe, da ƙyar na hau keke. Na tarar da Zara kwance, idon hagu ya kumbura ya rufe. Ta ce, "Inna, kin kawo?" Na ce na kawo. Mijinta, Malam Bukar, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Tun ranar farko ya so kai ta asibiti, nauyin maganata ya hana shi.

Ina hura gawayi sai maƙwabciyarsu ta shigo, Malama Falmata, mai koyar da ilimin halittu. Ta roƙi in bari ta duba kafin in ƙone. Ta aika aka ɗauko mata wani gilashi mai ƙara girman abu, ta durƙusa kusa da ni kamar 'yata.

Ta ce in ƙirga ƙafafu. Takwas. Ta ce shi ya raba su da ƙwari masu shida. Jikin kashi biyu ne, kai da ƙirji a haɗe, sai ciki. Sannan ta sa ni na kalli fuskar. Wallahi ban taɓa sanin akwai ido a nan ba: ƙanana huɗu a jere a ƙasa, manya biyu a samansu suna kallona, wasu biyu can a tsakar ka. Ta ce da wannan jerin ake gane danginsu, dangin mafarauta ne, ba sa saƙa yana su jira, a ƙasa suke bin abinci da gudu, shi ya sa Turawa suka laƙaba musu sunan kyarkeci. Wai suna da 'yan'uwa har a ciyayin kan duwatsu masu sanyi. Kuma mace ce. Ƙullin nan ƙwanta ne, na bayan nan 'ya'yanta ne, goyo take yi.

"Kaka, wannan ba ta taɓa Zara ba. Ko ta ciji mutum, ɗan kumburi ne ya wuce. Ta yi ƙarambau tana ƙarama?"

Na ce ta yi, a bayana ta yi shi. Ta ce shi ne ya kwanta a jiki shekara da shekaru ya farka, kuma idan ya kama hanyar ido ba a ba shi kwana.

Na dubi gawayin ya kama. Na dubi Zara. Na ɗaga murya yadda surukina zai ji daga waje, abin da ban taɓa yi ba, na ce ya nemo abin hawa.

Komawa

Kwana tara na yi a kan tabarma a gefen gadon asibiti. Likita bai yi mini faɗa ba, tambaya kawai ya yi yaushe abin ya fara, na faɗa, ya rubuta. Ranar Alhamis na hau mota, na iso Nguru da la'asar, ban ma kunna wuta ba na kwanta. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Malama Falmata.

Ita Malama tana nan tana koyarwa. Mai goyon, a bayan gari ta sake ta cikin ciyawa, da 'ya'yanta duka. Malam Bukar har yau yana durƙusawa ya gaishe ni, bai taɓa tayar da zancen ba. Zara ta warke, tabo ya rage a goshi. Idon bai mutu ba, amma hazo-hazo take gani da shi. Da ta zo da sallah, ina zaune a hagunta, ta daɗe tana tambayar ina Inna, sai da ta juyo da fuskarta gaba ɗaya sannan ta gan ni.