Kaset ɗin da Inna ke daka a ciki

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce aji shida ba, kuma ina tsoron kada rubutun ya zame mini wani laifin a kan na farko. Sau uku ina tambayar mijina ko ya halatta mutum ya tona kansa, har ya gaji ya ce, "Ke dai rubuta, Habiba, ko ma samu mu huta."

Wata Alhamis ce da la'asar, shekarar da nake aji biyar, bayan alhazai sun watse Madina ta yi shiru. Muna saman soron gidan da muke haya, inda muke shanya, inda ni da 'yan maƙwabta muke zana 'yar galagala da gawayi. Inna tana dakan geron fura a turmin da ta zo da shi tun daga Damagaram, ni ina tankaɗe. Yayana Haruna kuwa yana kwance rigingine a gindin turmin, da kyamarar bidiyo da ya aro wurin abokin aikinsa a filin jirgi, inda suke lodin jakunkuna. Inna ta ce, "Kai, tashi mini daga nan, ko in haɗa da kanka in daka." Ya ce, "Inna, ci gaba kawai, daga ƙasa ake ɗaukar manya." Ta yi tsaki, amma na ga ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

A wurin Turawa mawaƙan rok ya koyo wannan. Yana da kaset wajen goma da wani ya naɗo masa daga tashoshin talabijin na dish, kuma ba ya saka su sai Baba ya tafi Bi'ir Ali da motar da yake jigilar masu umra. Inna kan leƙo ta ga masu jita da gashi har kafaɗa, ta ce, "Su waɗannan garinsu ba wanzami?" Haruna ba ya jin Turancinsu, hoton yake karanta. Yakan tsayar da kaset ya nuna mini: duk bugun ganga sai hoto ya canja. In mawaƙin ya fusata sai kyamarar ta riƙa rawa kamar mai riƙe da ita yana gudu. In abin tunawa ne sai launi ya ɗauke ya koma fari da baƙi. A wani kaset akwai wata ƙofa da take tsaye ita kaɗai a tsakiyar rairayi, ba bango ba gida. Na tambaye shi amfaninta, ya ce, "Mutumin yana da hanyar fita, wurin zuwa ne ba shi da shi." Na kwana biyu ƙofar tana damuna.

Sati guda ya yi yana haɗa hoton Inna da na'urar bidiyo biyu, namu da na maƙwabta, yatsansa a kan maɓallin tsayarwa. Da ya gama ya tara mu. Inna ta fito doguwa, kanta yana taɓa sama, taɓarya na sauka daidai da gangar Turawan. Ya sa hannuwanta, ya sa zufar goshinta, ya sa kujerar Baba babu kowa a kai. Tattabaru suka tashi a hankali kamar suna iyo. Can tsakiya sai kiɗan ya yanke ɗif, ba ka jin komai sai turmi da muryarta tana waƙar daka ƙasa-ƙasa, wadda ita kanta ba ta san tana yi ba. Inna ta rufe baki da mayafi ta ce, "Ashe haka nake?" Ta sa aka mayar sau huɗu. Haruna ya ɗaura wa kaset ɗin jan zare don ya bambanta da sauran.

Ni kuwa tun ina ƙarama mai waswasi ce. Nakan sake alwala sau biyar, in na taka tururuwa sai in yini ina istigfari. Ana nan sai abla, malamarmu ta addini, ta ajiye kwali a tsakar makaranta kusa da inda muke tsallen igiya. Ta ce duk wadda ta kawo kaset na kiɗa za a ba ta na wa'azi, na kiɗan kuma a naɗi alheri a kansa. Ta kuma ce wanda ya bar abin saɓo a bayansa, zunubi zai yi ta binsa kabari duk lokacin da aka kunna. Ba da Inna take ba, ba ta ma san ta ba. Amma ni Inna na gani, wadda a lokacin ta fara wani tari da ya ƙi barinta.

Da safe Haruna yana wurin aiki na kwashe kaset ɗin duka a jakar makaranta. Mai jan zaren na cire shi a ƙofar gida, na mayar, na sake cirewa a bakin titi. Na ce a raina rabinsa kiɗa ne, kuma fuskarta ce a kai, ita za a tambaya. Na jefa shi a kwalin da hannuna. Abla ta shafa kaina ta ce, "Barakallahu fiki, ya binti."

Haruna bai dake ni ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi mini, "Har da na Inna?" Na ce ban lura ba. Ya mayar da kyamarar ga mai ita, bai ƙara aro ba. Inna ta rasu kafin wani aikin hajjin ya zagayo, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai wannan, in ban da ɗan ƙaramin na takardunta da ya dushe.

Yanzu kowa kyamara ce a hannunsa. 'Yata takan ɗauke ni ina girki, ta ɗora kiɗa cikin minti ɗaya, in na yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Ni kuma in na rufe ido ina neman muryar Inna sai in ji tawa. Har yau ban san ko na kare ta ba ne ko na shafe ta. Na tambayi masu ilimi, wannan ya ce haka, wancan ya ce haka.

Bara da ciwon baya ya kwantar da Haruna na je gaishe shi, na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Na sani, ya ukhti. Wa zai kasa ganin jan zare?" Sannan ya ce ya taɓa kwafar kaset ɗin ya ba wata hajiya 'yar Damagaram a filin jirgi, ta kai wa ƙanwar Inna. Bai riƙe sunanta ba, ƙanwar Innar ta rasu, ba mu san ko saƙon ya isa ba.

Na san kaset ba ya jure zafi da shekaru. Duk da haka, in akwai wanda ya taɓa ganin bidiyon wata mata tana daka a saman soro, an ɗauke ta daga ƙasa, da kiɗan Turawa da yake yankewa a tsakiya, don Allah ya sanar da masu buga wannan rubutu. Ko kaset ɗin ya lalace, ya gaya mini abin da take faɗa a waƙar.