Kayan Ɗakin da Suka Ƙi Zama

Sau uku na yi wa 'yata jere a cikin shekara huɗu, alhali mijinta ɗaya ne, ko faɗan kirki ban taɓa jin sun yi ba. Mijin ɗan wasan hoki ne, irin na kan ƙanƙara, inda ƙarti ke sa takalmi mai wuƙa a ƙasa suna bin wani ɗan baƙin faifai da sanda. Shi ne mai tsaron raga. Iyayensa Zazzagawa ne, amma a Kanada aka haife shi, can inda yaro ke iya sulɓi a kan ƙanƙara tun bai iya ɗaura wando ba. Ranar da suka zo neman aure sai da na sake tambayar sana'arsa, don na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba.

Ba a babbar gasar da ake nunawa a talabijin yake ba. Ƙananan kulob yake yi wa wasa, na ƙananan garuruwan kudancin ƙasar nan Amurka. Ni wannan bai dame ni ba a lokacin. 'Ya mace ɗaya Allah ya ba ni, kuma shekara da shekaru ina aikin jinya, ina tsayuwa har ƙafafuna su kumbura, da niyyar kada wata ta ce na zo Amurka na manta yadda ake kai 'ya ɗaki. Na sayi gadon katako wanda sai mutum huɗu ke ɗaga shi, da sif, da madubi, da kujeru, da labule, da tangaran da tukwane. 'Yata ta ce kulob na ba 'yan wasa gida da komai a ciki. Na ce ta rufe mini baki, ba da ita nake shawara ba.

Muka ɗauki hayar babbar mota daga nan Landover, ni da aminiyata, wata 'yar Jos da muke aiki a asibiti ɗaya, da ƙanwar maigidana. Yini guda muna tafiya. Da muka isa gadon ya ƙi shiga, sai da aka cire ƙofa. Muka jera kaya, muka sa turaren wuta, na'urar gobara ta kama ihu har maƙwabta suka fito. Duk da haka zuciyata fes, 'yata ta samu ɗaki.

Washegari aka kai mu kallon wasa. A waje gumi muke yi, a ciki haƙorana na haɗuwa. Rabin kujerun babu kowa. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da ni, riƙe da ƙararrawa irin ta wuyan shanu, ta ja ni da hira. Ta ce ran Juma'a duk garin kallon ƙwallon 'yan sakandare suke tafiya. Ta ce ƙanƙara a garin zafi wuta take sha ba dare ba rana, kuma zauren na hukumar gari ne, in an tashi bikin shanu ko taron coci sai a shimfiɗa katako a kanta a kori 'yan wasa su yi mako biyu a bas suna bin wasa gari-gari. Sannan ta ce, "Wannan ne kulob na uku da na so a cikin ginin nan." Na yi mata murmushi kawai, don hankalina na kan surukina, wanda ake ta harbi da faifai kamar ya ci bashin wani. Da na san abin da maganarta ke nufi da ban bari an mayar da ƙofar nan da aka cire ba.

Kakar wasa na ƙarewa mai kulob ya ce ya gaji, ya rufe. Gidan kuwa na kulob ne. Wata Asabar da hantsi sai ga babbar mota a ƙofar gidana, ana sauke gado da sif, a fili, kowa na gani. Kafin la'asar wata Hajiya 'yar Sakkwato da ke layinmu ta yi sallama, ta zauna a bakin kujera tana sauke numfashi.

"Maman amarya, sai haƙuri. Shi aure rai gare shi."

"Hajiya, wane aure?"

"Ai na ga kayan."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. A gida kayan ɗaki ba sa komawa gidan uwa sai an yi saki ko an yi rashi. Na ce mata auren na nan da ransa, kulob ne ya mutu. Ta dube ni da tausayi ta ce, "To, Allah ya rufa asiri." Kafin mako ya zagayo an kira ni daga Kano ana jajanta mini. Sai da na tasa 'yata da mijinta a gaba zuwa wani suna a Beltsville, na zaunar da su inda kowa zai gan su, sannan bakuna suka lafa.

Surukina ya samu wani kulob a wani garin, gaba da na farko. Mai hankali da ya tsaya ya ga kamun ludayin wannan tukuna. Ni kuwa na sake ɗaukar mota, muka sake jere, madubin ya tsage a hanya. Daga nan ne zama ya gagare ni. Ni da ban san dokar wasan ba, na koma kallonsa a waya lokacin hutun cin abinci, ba don in ga wa ya ci ba, kujeru nake dubawa. In na ga sun cika in ci abinci da daɗi, in na ga wayam in ture tuwon gefe. Har addu'a na riƙa yi bayan salla, Allah ya sa wa mutanen wani gari da ban san kowa a cikinsa ba son hoki. Maigidana ya ji ni wata rana, ya yi dariya har da tari. Ban yi masa magana ba sai washegari.

Injin ƙanƙarar garin ya lalace, hukuma ta ce ba za ta gyara ba, aka sayar da kulob ɗin ga wasu a wata jiha, su kuma suna da nasu mai tsaron raga. Kaya suka sake dawowa. Wannan karon ta ƙofar baya na sa aka shigo da su, aka jibge a ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, kuma 'yata na da ciki wata uku.

Ranar na ajiye kunyar surukuta. Surukina ya durƙusa yana gaishe ni da Hausarsa mai ɗingishi, na ce, "Kai, yaushe za ka nemi aikin da ake zama wuri ɗaya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mama, tun ina shekara biyar abin nan kaɗai na iya da kyau. Gwiwoyina saura shekara biyu, ko uku. Ina so ya zama su ne za su ce mini ya isa."

Haushi nake ji, kuma tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Na ce ya tashi ya ci abinci.

Da aka kira shi gari na uku, na sauka ɗakin ƙasa na fara goge ƙura, waya a kunne ina neman mota. 'Yata ta biyo ni, ta zauna a kan kwalin tangaran, ta karɓe wayar daga hannuna ta kashe.

"Mama, kada ki kira su. Ki ɗaura gadon a nan."

"A gidana? Wa kika taɓa ji an yi wa jere a gidan uwarta?"

"Abin da motarmu ta ɗauka da shi za mu tafi. In na haihu nan zan zo wanka. Ina so in san ina da ɗaki ɗaya da ba sai wasu sun sayi tikiti zai tsaya ba."

Na yi faɗa, na ce ana so a mai da ni abin dariya a layi. Ta bar ni na gama. A cikin faɗan ne na gane shekara huɗu ina jan gado a bayan yarinyar nan, ban taɓa tambayarta yadda take ji in an ce ta naɗe labule ba.

Suka tafi wata Lahadi da safe, da akwati biyu da jakar kayan wasansa. Da azahar aminiyata da ƙanwar maigidana suka zo. Muka ɗaura gado, muka tsayar da sif, muka rataya labule a 'yar tagar da ke daidai da ciyawar waje. Da muka gama aminiyata ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta riƙe ƙugu, ta dube ni.

"In yi guɗa?"

Na ce ta yi. Ta rangaɗa ta har sau uku, mai ɗakin kuwa a lokacin ta yi nisa a hanya, can cikin jihar Virginia. Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ta.