Turaren da Na Cusa a Ƙasan Duro

A shekarata ta uku a ƙasar waje, a unguwar Bronx, ina aikin jinyar tsofaffi, na cika duro guda da kaya zan aika wa mahaifiyata Jos kafin Kirsimeti. Mai tura mana kaya ta ruwa wani Bahaushen Kumasi ne, shagonsa na wani lungu kusa da titin Grand Concourse. Duk duron da aka kawo sai ya lalube shi har ƙasa, shi ya sa tun farko hankalina bai kwanta da shi ba.

Ya zaro kwalaben turare da gwangwanayen feshin sauro, ya jera su gefe.

"Anti, wannan ba ya shiga kwantena haka nan," in ji shi. "Yana kama wuta. Akwai hukuma ta duniya a Landan, ita ke sa wa jiragen teku doka. Sai an yi masa takarda daban, an manna alama."

Na kalle shi sama da ƙasa. Teku ma har da mai unguwa? Ni ba a Landan nake ba, kayana ba Landan za su ba. A raina na ce matarsa ce turarenta ya ƙare. Na kwashe abina, na ce gida zan mayar. Yana fita sallar la'asar na naɗe su cikin zannuwan gado, na cusa can ƙasan duron. Har daɗi na ji.

A tashar jirgin ruwa gwangwanina ɗaya ya fashe, wari ya sa aka buɗe kwantenar. Aka riƙe kayan mutane gaba ɗaya. Kirsimeti ta wuce, Ista ta matso. Unguwa ta ɗauka cewa sayar da kayan jama'a ya yi, yana fakewa da wata hukumar da ba wanda ya taɓa gani. Ni ma na sa baki a zarginsa, don tsoro nake kada a juyo kaina. Sunana na jikin duron da jan fenti, shi ya rubuta da hannunsa. Bai faɗa wa kowa ba.

Kayan sun isa daga baya, amma ba wanda ya sake kai masa duro. Ya rufe shagon.

Bayan shekara biyu na tsayar da tasi a unguwar Harlem, sai ga shi riƙe da sitiyari. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ya dube ni ta madubi.

"Anti, ya jikin Mama? Zannuwan gadon sun isa lafiya?"