Ɗantsoho Firai da Ragon Haulatu

Ɗantsoho ya bar Daura yana saurayi, ya tafi Kano wanke-wanke a wani otal. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe otal ɗin saboda giya, ya dawo gida da farar hular kuku da kalmar Turanci guda ɗaya: firai. Ita ce jarinsa, ita ce kuma ta zame masa suna.

A bakin tasha yake yini yana fassara ta ga 'yan acaɓa. Wai suyar ƙosai firai ce, tuyar waina firai ce, har ƙwan mai shayi. Wai Bahaushe ne ke wahalar da bakinsa da sunaye barkatai, Bature kuwa kalma ɗaya gare shi, wuta mai ƙarfi, a juya a kwashe. Mutumin da iyakar abin da aka taɓa miƙa masa a kicin tukunya ce mai ƙanzo. Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne.

Yayarsa Haulatu ke ci da shi. Mijinta ya rasu, da dusa da harawa ta kiwata rago ɗaya tal don layya, da niyyar ta adana wa 'yarta Madina naman, tunda haihuwa ta matso, ta samu na jego.

Ranar Sallah kowa a unguwa ya banƙare ragonsa a jikin sanda gaban wuta ya tsane, washegari a soya shi da kitsensa sannu-sannu har ya bushe ƙarau. Haka nama ke kai watanni. Ɗantsoho ya taɓe baki.

"Yaya, wannan ai aikin ƙauye ne. Ba ni kasko ki ga firai na gaske."

"Ɗantsoho, ragon nan fa shi ke nan gare ni."

"Sai ma kin gode mini."

Ya kafa hula, ya zuga wuta, ya antaya ɗanyen nama cikin tafasasshen mai. Da bayan naman ya yi ja ya kwashe, ya danna a bokiti da zafinsa, ya rufe. Kafin la'asar ya gama, ya fita yana yi wa maƙwabta dariya.

Ba a yi mako ba ɗaki ya ɗau wari. Haulatu ta ɗaga murfi ta ga tsutsa, ta haƙa rami bayan gida ta binne wahalar shekara guda. Shi kuwa gogan ko kunya, ya ce ragon ne ba irin na otal ba.

Da Madina ta haihu, Haulatu, wadda ba ta taɓa roƙon kowa ba, ta ɓoye kwano cikin mayafi ta shiga gidan maƙwabtan da ya yi wa dariya.