Alƙalin Aljanun Japan

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Da rawanin alƙali na shiga cikinsa, na fito ko hula babu.

Karatuna bai yi nisa ba. Ina yaro mahaifina ya taho da mu ta Sudan, allona ya tsaya a inda jirgin ruwa ya ɗauke mu. Daga nan sai tura keken gajiyayyun alhazai tsakanin Safa da Marwa, har ranar da gwiwoyina suka ce su ma a tura su. Amma a gidanmu furfura ita ce takardar shaida. Duk abin da ya shige wa 'ya'yana duhu, nan unguwar Hindawiyya a Makka suke kawo mini shi, in gyara zama, in ce "To", in ja ta da tsawo. Rabin malanta ke nan.

Wata Juma'a babban ɗana, direban tasi, ya taso daga unguwar Shisha da 'yarsa, kwamfutar hannunta a hammatarsa. Yarinyar tana sakandare. Nan aka haife ta, Larabci ya cinye mata baki, Hausarta ba ta wuce "ina wuni" da "na ƙoshi" ba. Ranar idonta ya yi ja.

"Baba, dubi abin da take kallo," in ji shi. "Aljanu ne zalla, na Japan. Har zana su take yi, ta cika ɗaki da takardu. Ni na ƙwace, kuma zanen ma ƙonawa zan yi. Uwarta ce ta ce sai an ji ta bakinka."

Na dubi yarinyar na ce, "Amaryata, wa ya taɓa mini ke?"

"Sidi, wallahi kartun ne, bas," in ji ta da Larabci.

Sidi shi ne kaka a bakin yaran Makka. Na gyara zama, na ja "To" ɗina, sannan na ce alƙali ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. A bar na'urar a hannuna, a riƙa sauke mini yarinyar bayan la'asar ta nuna mini, kada kuma a taɓa takarda ko ɗaya sai na yi magana. Ɗana ya amince, yana ganin tsantseni ne irin na malamai. Gaskiyar ita ce son sani ne ya kama ni. Na tura mutanen ƙasashe iri-iri a keke, ban taɓa tambayar ko ɗaya ba yaya aljanun garinsu suke.

Wasan tsoho ne, an yi shi tun ubanta yana yaro. Zanen ya ɗan koɗe, sautin yana shuu kamar rediyon da. Wasu 'yan makaranta ne a wani tsohon gini, kullum da abin da zai fito musu. Maganar da Japananci ake yi, fassarar Larabci tana gudu a ƙasa. Kafin in haɗa baƙi biyu ta wuce.

"Fassara mini da Hausa," na ce.

"Sidi, ai kana jin Arabi."

"Na kasuwa nake ji. Shari'a da Hausa nake yin ta."

Haka ta fara, tana tuntuɓe tana tashi. In kalma ta ɓace mata sai ta ɗaga murya ta tambayi Hajiya, matata, a kicin. Hajiya ta jefo mata ita tare da ƙarar ludayi.

Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Namu aljanun, yadda mahaifiyata take ba mu labari a hanya, masu son fili ne: tsamiya, kuka, tsohuwar rijiya. Na Japan kuwa duk inda suka samu shiga suke yi. Wani yana cikin madubi, wani a matakalar bene, wani ma a cikin tsohuwar lema da aka yar. Kuma yaran ba su iya tofi ba, ko a'uziyya babu. Sai su tsaya su tambayi abin, "Me aka yi maka?" Shi kuwa ya zauna ya zayyana. Yawancinsu ashe ba mugaye ba ne, masu ƙorafi ne da ba su sami mai saurare ba. Na ce wa yarinyar irin waɗannan ai na san su, cike suke a ofishin sabunta igama, wato takardar izinin zama.

Ita ma ta fara tambaya. Namu suna da ƙafa? Me suke ci? Na kwance mata abin da na tuna. Hajiya ta leƙo ta ce ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata yake yi. Na ce mata a Japan yanzu dare ne, da agogonsu muke aiki.

Sai muka zo kan na banɗaki.

A ƙarshen wani dogon lungu na makarantar akwai banɗakin da ba a shiga. In ka ƙwanƙwasa sau ɗaya, sai a amsa maka daga ciki sau biyu. In ka yi biyu, a yi uku. Ba a nuna kowa ba, ƙofa ce kawai, da ruwa yana ɗiga. Na tafa hannu don murna.

"Kin gani? Mutanen nan suna da ilimi! Ai mu tun tuni aka gaya mana nan ne masaukinsu, shi ya sa ake addu'a a waje, a shiga da ƙafar hagu, a kama baki. Ashe labari ya kai musu, addu'ar ce ba ta ƙarasa ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi.

Washegari da hantsi Hajiya ta tafi kasuwa neman kuka da daddawa. Ni kaɗai ne a gida. Na nufi banɗaki, kuma da yake gidan haya muka saba tun muna da yawa, hannuna ya ƙwanƙwasa ƙofar kafin in yi tunani. Ƙwas.

Daga ciki aka ce ƙwas, ƙwas.

Yanzu, ni ba yaro ba ne. Na san ginin nan tsoho ne. Na san duk ranar da motar ruwa ta cika tankin sama, bututun yakan buga bango. Na sani sarai. Na tsaya na yi wa kaina wannan bayani tiryan-tiryan, na gamsu, sannan na sa takalmina na tafi masallaci.

Banɗakunan masallacin unguwarmu a jere suke, ga haske, ga jama'a, ga ƙarar butoci. Mutum ya shiga da kwanciyar hankali. Tun daga ranar na mayar da harkata can. Da yake kuma tsoho ba ya riƙe ruwa, sai ya zama kafin kowace salla ni ne farkon zuwa. Wani lokaci ma na riga ladan. Maƙwabcina, wani dattijo Badamagare mai sayar da carbi, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, Allah ya ba mu irin himmarka." Na sunkuyar da kai na ce amin, da mu da ku. Me zan ce?

Kallo kuwa ban fasa ba. Tsoro da son sani a ciki ɗaya suke kwana.

Ɗana ya fara matsa mini. Duk saukewar da zai yi sai ya leƙo ta tagar mota. "Baba, hukuncin fa?" In ce ana bincike. Da tsohon wasan ya ƙare na rasa abin faɗa, sai yarinyar ta raɗa mini cewa an sake zana shi sabo bayan shekaru, sannan an yi fim ɗinsa da mutane na gaske. Na ce wa ubanta an ɗaukaka ƙara.

Sabon ya fi kyau a ido, sumul kamar tayil ɗin otal. Amma sun ɓata shi. Da aka zo wajen banɗakin sai suka buɗe ƙofar, ga wata aba mai haƙora da dogon harshe. Na ce a'a, wannan ai ko ɗan akuya ba za ta kora ba. Abin da ka gani ka san iyakarsa. Na mutanen gaske kuma, wata baiwar Allah ce aka shafa wa farar hoda, ina kallonta ina tausayin iyayenta. Tsohon nan mai shuu, wanda bai nuna komai ba, shi ne mai dafi. Yarinyar ta ce ita ma haka ta gani, shi ya sa a zanenta ba ta buɗe ƙofa. Ta faɗi wannan duka da Hausa, ba ta nemi taimakon kicin ba.

Ranar da ƙara ta ƙare, Juma'a ce kuma. Hajiya ta yi tuwo da miyar kuka. Bayan an ci, na sa a kawo na'urar gabana. Yarinyar ta takure a gefen kakarta.

"To," na ce, na ja ta fiye da kullum. "Na duba na farko, na duba na biyu, na duba na uku. Tatsuniya ce. Mutanen Japan ba su da tsamiya a ƙofar gida, sai suka zuba tasu a gilashi. Ba a bauta wa kowa a ciki, ba a koya wa kowa tsafi. Yarinya ta yi sallarta, ta yi karatunta, ta yi zanenta."

Ɗana ya sosa ƙeya. Bai miƙa hannu ya ba ta ba.

"Baba, na ji. Amma ni tsoron nake gudu. Irin wannan yana shiga zuciyar yaro, ya hana shi sakewa a cikin gidansu."

Da na yi shiru a nan, da na tashi da rawanina. Amma baki ya saba.

"Tsoro? Jinina ce fa. Mu da muka keto Sudan a bayan mota, kura na kuka a gefen hanya? Zanen yara ne zai girgiza mu? Ni nan da na kalle shi tun daga farko har ƙarshe, ka ga wani abu ya canza a jikina? Sai ma ibada da ta ƙaru. Tambayi unguwa."

Hajiya tana tattara kwanuka. Ta ajiye su, ta ɗauki na'urar daga gabana, ta ɗora wa yarinyar a cinya, ta dubi ɗanta.

"Bar mata abinta, ita lafiyarta ƙalau, har waƙa take yi a banɗakina. In hanawa za ka yi, ga wanda za ka hana nan. Malam, tunda ba ka tsoro, tashi ga ƙofar can, ƙwanƙwasa mu ji. Yau ma an kawo ruwa."