Hanyar da Baba A-Sake Ya Kafe a Kanta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, ina tsaye a gaban injin buga zane na ofishinmu ina jiran ya gama fitar da takarda, sakataren kwamitinku ya kira ni. Ya ce, “Injiniya, Baba fa ya cika.” Na tsaya riƙe da waya, injin yana ta turo zanen da na shirya don in kai maka.

Baba, ni ba 'yarka ba ce, ba kuma ɗalibarka ba. Ni ce mai zanen gine-ginen da kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu ya ɗauka don ta zana masa sansanin atisaye. Kai kuma kai ne shugaban kwamitin da hukumar birni ta ɗora wa duba zanen. Filin na jama'a ne, wani kaso na kuɗin ginin kuma daga harajinsu zai fito, don haka ba a aza ko bulo ɗaya sai ka sa hannu. Ka ƙi sa hannun. Tun ɗiyata tana rarrafe nake hawa benen hukumar nan da zane a hammata, yau ga ta tana zuwa makaranta. A ofishinmu Baba A-Sake muke ce maka, don da kalmar nan kake rufe kowane zama. Ashe ka sani. Wata rana da kanka ka ɗauki waya ka ce min, “Baba A-Sake ne ke magana,” na rasa inda zan sa kaina.

Wallahi ka gajiyar da ni. Ba zan ɓoye wannan ba don ka mutu, kai ma ba ka son a shafa wa magana mai. Na san ɗakin taron nan kamar ɗakin kwanana: dogon teburin da butar shayi ta ƙona a gefe, fankar da ke kuka, kujerar da kowa ke gudu saboda ƙafarta ɗaya gajera ce. Mukan zo da hotuna masu sheƙi a majigi, ciyawa kore shar, 'yan wasa suna murmushi, motoci suna ƙyalli. Sai ka ce a kashe. Ka ce mutanen cikin hoton nan ba sa tsufa, ba sa ciwon gwiwa. Sai a shimfiɗa maka zanen a takarda, ka danne kusurwoyinsa da wayarka da kofin shayi da gidan tabarau, ka kafa yatsu biyu a kai kamar ƙafafun mutum.

“Yau ni ɗan wasa ne, an taka ni a idon sawu, ba na iya takawa,” ka ce a zamanmu na farko. Yatsun suka fita daga fili suna ɗingishi, suka bi baranda, suka tsaya a gindin matakala. Ɗakin likita a sama muka sa shi, don ya samu iska da kyan kallo. Ka ɗago ka dube ni ta saman tabarau. “To Injiniya, goya ni za ki yi?” Kowa ya yi dariya ban da ni. A wasu zaman ka zama mai wanki da kwandon riguna, ka zama mai tsaron gida da rana ke haske wa ido da yamma, ka zama mai ban ruwan ciyawa. Kowane ɗayansu sai da ya sa na koma na kwana a kan zane.

Duk waɗannan mun gyara, kulob bai yi gardama ba, don shi suka amfana. Inda aka yi tirjiya shi ne ranar da ka ce, “Yau ni tsohuwa ce, na fito daga unguwar nan da sandata, za ni asibiti.” Filin yana tsakanin unguwa da babban titi ne, kuma tun kafin a haife ni mutane ke ratsa shi da ƙafa zuwa tashar bas da ƙaramin asibitin da ke gefenta. Mu kuwa mun kewaye shi da doguwar katanga, don kada 'yan jarida da abokan hamayya su leƙo atisaye. Yatsunka suka zo suka ci karo da katanga. Suka juya suka bi gefenta a hankali, suna tsayawa suna hutawa, har suka faɗa bakin babban titi inda manyan motoci ke gudu, babu ko wurin raɓewa. Ba wanda ya yi dariya a ranar. Ka ce a yanke wa mutane hanyar ƙafa a gefen arewa, tsakanin katanga biyu, mai faɗin da keken guragu zai wuce. Wurin kuwa nan ne aka ware wa motocin manyan baƙi da na 'yan wasa.

Daga nan ne aka sa ka a gaba. Manajan kulob ya ce ka tsaya wa ci gaban gari. Aka yi ta kiran gidajen rediyo ana cewa wani tsoho mai baƙin ciki ya hana 'yan wasanmu wurin atisaye, shi ya sa ake lallasa mu kowane mako. Magoya baya suka je ƙofar gidanka suna busa ƙaho. Abin da ba su sani ba, duk cikinsu babu wanda ya kai ka son kulob ɗin nan. Ran da aka ci mu, washegari sai ka shigo taro fuska a murtuke, ka ce kada wanda ya tayar da zancen jiya. Da kulob ya aiko maka da tikitin zama a rumfar manya na kakar wasa gaba ɗaya, ka mayar, ka ci gaba da bin layi kana sayen naka, kana zama a rana da tsohuwar hularka mai launin kulob.

Ni ma, a lokacin, na so ka sassauta. Tsakanin kai da manaja na zama ƙwallon da ake bugawa. Amma ba zan manta taron jin ra'ayin jama'a ba, inda wani kansila ya miƙe ya ce ai duk jinkirin nan don an ba mace aikin maza ne. Ka karɓi abin magana ka ce, “Zanenta ya fi duk wanda aka kawo min a shekarun nan. Da ba shi da kyau da ban ɓata lokacina a kansa ba. Zauna, ranka ya daɗe.” Ranar da ɗiyata ta kwanta a asibiti ka ɗage zama ba tare da na roƙa ba, ka kuma kira da yamma kana tambayar jikin “jikarka”, kamar yadda kake kiranta. Kuma duk ran da ka ce a sake, kai ne ke naɗe min zanen da hannunka, ka rako ni har bakin matakala kana cewa, “Kada ki yi fushi da ni, 'yata, ki yi fushi da katangar.”

A ƙarshe kulob ya gaji ya yarda. Na zana hanyar, na sa mata fitilu da benci a tsakiya, don ka ce tsohuwarka za ta so ta zauna ta huta. Zanen da injin ke fitarwa ranar Laraba shi ne wannan. Saura zama ɗaya ka sa hannu.

Ban ma fita daga layinku ba ranar da na je gaisuwa, manaja ya kira. Ya ce, “Allah Ya jiƙan dattijo, mutumin kirki ne. To Injiniya, sai a mayar da katangar nan yadda take kafin zaman mako mai zuwa.” Ya ce wanda zai hau kujerarka mai son majigi ne, ba zai tsaya bin zane da yatsa ba. Ya ƙara da cewa masu zane suna da yawa a garin nan. Na fahimci abin da yake nufi, ina da haya, ina da yarinya a makaranta.

Na koma ofis na zauna a gaban kwamfuta. Goge hanyar ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma Allah Ya sani na gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa. Amma maganar da mai ɗakinka ta faɗa min a falonku ta hana ni. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ke ce Injiniya? Kin san har a gadon asibiti yatsunsa tafiya suke a kan bargo? Na ce masa, Malam, ina za ka haka? Ya ce, asibiti zan raka wata tsohuwa, mun kusa.”

Ban goge ba, Baba. Na aika wa hukumar birni zanen da hanyar a cikinsa, na kuma gaya wa manaja da bakina. Sai ya kashe waya. Ban sani ba ko aikin nan nawa ne har ƙarshen wata. Ranar zaman zan hau benen nan da takarda, in roƙi a kashe majigi, in danne kusurwoyi da abin da na samu, in kafa yatsuna biyu a bakin unguwa. Ban iya yi kamar kai ba. Amma zan kai tsohuwar nan asibiti.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka na kwamiti. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya tsaya musu a bayanka. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yafe mana abin da muka faɗa a kanka a cikin gajiya. Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi. Yadda ka tsaya don kada a sa masu rauni dogon zagaye, Allah Ya sauƙaƙa maka taka hanyar zuwa Aljanna. Amin.